Tikitin tafiyar kasuwanci daga Garwa: ka yanka da kanka a intanet, ko ka je wurin ajans?

Shekara shida ke nan ina kula da tafiye-tafiyen kawuna, wanda ke sayar da kayan gyaran babura a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru. Shi ne mai zuwa Dubai da Gwanzu ta ƙasar Sin, ni ne mai riƙon fasfo da waya da lissafi. A tsawon wannan lokaci na yanki tikiti ta kowace hanya, kuma kowacce ta taɓa yi mini rana, kowacce ta taɓa sa ni kwana ban runtsa ba. Matasan kasuwa da suka fara fita sukan tare ni da tambaya guda: wanne ya fi, intanet ko ajans? Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin shago, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Abin da ake kira "intanet" ƙofa biyu ce, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne mafarin ruɗu. Akwai shafin kamfanin jirgin da kansa, irin na Ethiopian Airlines ko Turkish Airlines ko Camair-Co. Akwai kuma shafukan dillalai, irin su Expedia da Trip.com da Opodo, waɗanda ba su da jirgi ko ɗaya, tikitin wasu suke sayarwa. Skyscanner da Google Flights kuwa masu nuna hanya ne kawai: su jero maka farashi, su tura ka wurin mai sayarwa. Ƙofa ta uku ita ce ajans, ofishin shirya tafiya da za ka shiga da ƙafarka ka zauna gaban mutum.

Ma'aunin da nake amfani da shi

Na farko kuɗi, amma kuɗin da ya fita daga aljihu gaba ɗaya, har da na kaya da ladan banki. Na biyu hanyar biya, domin a wurinmu samun kuɗin daban, iya tura shi waje daban. Na uku ƙarkon tikiti: idan rana ta canja, ko biza ta makara, ko jirgi ya fasa tashi, tikitin zai jure ko zai mutu a hannunka? Na huɗu sauƙi. Na biyar haɗarin zamba da kuskure. Akwai na shida ga mai kamfani mai rajista, wato faktir, takardar biya da akanta zai karɓa.

Cikin duka, ƙarko ne na fi bai wa nauyi, ga dalili. Ɗan kasuwar Duwala daga gidansa ya nufi filin jirgi, shi ke nan. Mu kuwa tafiyarmu tana farawa tun kafin babban jirgi. Ko dai ka bi jirgin cikin gida daga Garwa ko Marwa-Salak zuwa Duwala ko Yawunde-Nsimalen, ko ka hau bas zuwa Ngaundare, kusan kilomita 280, ka kama jirgin ƙasa na dare da ke cinye sama da kilomita 600 kafin Yawunde. Mutanen Kusiri su kan tsallaka gadar Ngeli su tashi daga filin jirgin Hassan Djamous na Njamena, inda jiragen Adis Ababa da Istanbul da Alƙahira ke sauka. Kowace gaɓa a wannan sarƙa tana iya tsinkewa, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da hazo kan rufe sama. Wanda tafiyarsa ke da gaɓa uku bai kamata ya auna tikiti da ma'aunin mai gaɓa ɗaya ba.

Shafin kamfanin jirgi

Farashin da ke nan shi ne na asali, babu ladan kowa a kai. Za ka ga azuzuwan tikiti a jere, kowanne da sharaɗinsa: wanda ake canjawa kyauta, wanda ake canjawa da tara, da wanda in ka fasa kuɗinka ya tafi. Za ka kuma ga nauyin kaya a sarari. A yawancin dogayen hanyoyi daga Afirka ana ba da akwati biyu masu kilo 23 kowanne, amma ba kowane aji ba, kuma ga mai dawowa da samfurin kaya wannan layi ya fi komai muhimmanci a shafin.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen biya. Galibi ana buƙatar katin banki mai aiki a waje, Visa ko Mastercard, kuma dole saƙon lambar tabbatarwa ya shigo wayarka cikin 'yan mintoci. Ranar da layi ya yi nauyi, sai ka ga lokaci ya ƙare, farashi ya tashi kana kallo. Sannan ga dokar canjin kuɗi ta ƙasashen CEMAC, wato ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa, wadda aka amince da ita a Disamban 2018, ta fara aiki a 2019. A ƙarƙashinta, babban bankin yankin, BEAC, ya sa iyakar sefa miliyan ɗaya a wata ga mutum ɗaya wajen biya ta intanet zuwa waje, da miliyan biyar a kowace tafiya wajen amfani da kati a ƙasashen waje. Abin da ya haura sai da takardun shaida. Tikiti ɗaya na zuwa Sin da dawowa, haɗe da otel, yana iya kai ka bakin wannan iyaka, balle a ce mutum biyu ne. Ka tambayi bankinka tun kafin ranar, don wasu bankunan iyakarsu ta ma fi wannan ƙunci.

Wani abu kuma da mutane kan manta: idan da katin wani aka biya, wasu kamfanoni sukan nemi ganin katin ko kwafinsa a filin jirgi. Ni da nake biya wa kawu, kullum sai na haɗa masa kwafin katin da na katin shaidata a cikin jakar fasfo.

Ta fuskar ƙarko, wannan ƙofa tana da ƙarfi. Kai da kamfani ne, babu na uku. Idan an soke jirgi, saƙo kai tsaye zai zo maka, kuma kana iya shiga ofishinsu a Duwala ko Njamena su gyara maka nan take. Rauninta shi ne ba ta ganin komai bayan jiragenta. Ba ruwanta da yadda za ka iso Duwala daga Garwa.

Shafukan dillalai

A nan ne ake ganin farashin da ke sa mutum ya gyara zama. Wani lokaci da gaske ya fi na kamfani sauƙi. Amma ka bi shi shafi bayan shafi har zuwa wurin biya, sannan ka kwatanta. Sau da yawa lambar farko ba ta ƙunshi akwati ba, a gaba a ƙara kuɗin hidima, a ƙara kuɗin zaɓen kujera, a yi maka tayin inshorar da ba ka nema ba. Idan da dalar Amurka aka rubuta farashin, bankinka zai canja da nasa lissafin ya ɗora lada. Yuro ya fi sauƙin lissafi tunda an ɗaure shi da sefa, yuro ɗaya sefa 655.957, wato tikitin yuro 1,000 ya kama sefa 655,957 kafin ladan banki.

Babbar matsalar tana fitowa ne ranar da kake son canji. A shekarata ta biyu na yankar wa kawu tikitin Gwanzu ta wani shafi, na yi murnar rage kusan sefa dubu arba'in. Kwana biyar kafin tafiya mai masana'antar ya aiko cewa kayan ba za su kammalu ba sai bayan mako biyu. Na kira kamfanin jirgin, suka ce ba su suka sayar mini ba, in koma inda na saya. Na koma shafin, babu lambar waya sai akwatin rubuta saƙo, amsa kuma da Turanci, bayan kwana biyu. Da suka amsa, sai ga tarar kamfanin jirgi, ga tasu tarar a kai, ga bambancin farashi. Na je shago da yamma, kawu na zaune kan benci yana ƙirga kwalayen fulogi, na karanta masa jimillar.

Ya ɗago ya ce, "Ɗana, dubu arba'in ɗin da ka ce mun samu fa?"

Na ce, "Kawu, ta tafi, ta ja wasu sun bi ta."

Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in rubuta abin a littafin shago don kada mu manta, ya ci gaba da ƙirgarsa. Har yau shafin littafin yana nan.

Akwai wani tarko da ya fi wannan muni, kuma ya fi kama 'yan arewa. Wasu shafukan sukan haɗa maka jirage biyu na kamfanoni daban-daban su nuna su kamar tafiya ɗaya, alhali tikiti biyu ne. Ma'anarsa, a tashar tsakiya kai za ka ɗauki kayanka, ka fita ta wurin jami'an shige da fice, ka sake shiga layi. Idan ƙasar tana neman biza kafin a fita, ka makale. Idan jirgin farko ya makara, na biyun bai san da zamanka ba, za a rubuta ba ka zo ba, kuma sau da yawa har tikitin dawowa ya mutu tare da shi. In tikiti ɗaya ne kuwa, nauyin kai ka inda za ka yana wuyan kamfani, har da sama maka wani jirgin.

Inda waɗannan shafuka suka yi fice shi ne otel. A Booking.com da Trip.com kana ganin hoton ɗaki, nisansa da kasuwa, da abin da waɗanda suka kwana suka faɗa. Ɗakuna da yawa ana kama su ba tare da biya ba sai an isa, kuma ana iya fasawa kyauta kafin wata rana. Lokacin baje kolin Canton, wanda ake yi a Gwanzu sau biyu a shekara, Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, kuɗin ɗaki yakan yi tashin gwauron zabi, don haka wanda ya kama da wuri ya tsira. A wannan fanni ban ga ajans ɗin da ya kamo ƙafarsu ba.

Ajans

Ajans na gaskiya yana aiki da na'urar da ke haɗe da kamfanonin jirage kai tsaye, irin su Amadeus ko Galileo ko Sabre, kuma ko dai yana da rajistar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ko yana fitar da tikiti ta hannun mai ita. A Kamaru kuma sai da lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido. Yana ɗora ladansa a kan farashi, domin kamfanonin jirage sun daɗe da rage kamashon da suke ba su. Kada ka ji nauyin tambayar nawa ne ladan. Mai gaskiya zai raba maka: ga kuɗin tikiti, ga haraji, ga nawa.

Me kake saya da wannan lada? Abu na farko, biya cikin sauƙi. Ka kai tsabar sefa, ko ka tura ta Orange Money ko MTN MoMo, a Chadi kuma Airtel Money ko Moov Money. Babu kati, babu iyakar wata, babu jiran saƙon banki. Idan kun saba, yakan fitar da tikiti yau ka cika masa bayan cin kasuwa, abin da babu shafin da zai yi maka.

Na biyu, yana iya riƙe maka kujera na ɗan lokaci ba tare da ka biya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman biza. Ofishin jakadanci yana son ganin shaidar tafiya, kai kuma ba ka son zuba kuɗi kafin ka san za a ba ka. Ga mai zuwa Faransa ko Jamus, bizar Schengen tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma ajans ya san inda ake yin ta da irin wadda ake karɓa. Bizar Dubai ma galibi ta hannun kamfanin jirgi ko otel ko ajans take bi.

Na uku, kuskure yana gyaruwa. Tikitin da ajans ya fitar galibi ana iya soke shi a ranar da aka fitar ba tare da tara ba. Kada a raina wannan, saboda sunayenmu. Mutum sunansa Umaru Abubakar a baki, a fasfo kuwa Oumarou Aboubakar. Muhammadu ya zama Mohamadou ko Mahamat. Wani fasfon sunan uba ne a gaba. Tikiti dole ya bi fasfo harafi da harafi, kuma ba a mayar da shi sunan wani. Ma'aikacin ajans yana ajiye fasfon a gabansa yana kwafa, kai kuma ka sake dubawa kafin ka tashi. Wanda ke cike shafi da dare a ƙaramar waya, yana rubuta sunan yayansa daga ka, shi ne ke wayar gari da tikitin wani mutum daban.

Na huɗu, wanda ya fi duka a wurina: yana kallon tafiyar daga ƙofar gidanka. Ajans ɗin da ke zaune a Garwa ya san ba a haɗa jirgin cikin gida na safe da na waje na rana ɗaya a lokacin hazo. Zai ce maka ka sauka Duwala kwana ɗaya kafin lokaci, kuɗin otel na dare guda ya fi asarar tikiti sauƙi. Zai tuna maka katin allurar shawara, ya duba ko fasfonka na da sauran wata shida. In jirgi ya fasa kana Adis Ababa, mutum ne za ka kira da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Chadi, ya san ka, ya san kawunka.

Sai dai a nan ma akwai rami, kuma mai zurfi. Ba duk mai allo da hoton jirgi a ƙofar shago ne ajans ba. Wasu dillalan dillalai ne, su karɓi kuɗinka su kai wa wani, shi ma ya kai wa wani. Wani maƙwabcinmu a kasuwa ya taɓa biyan kuɗin Dubai cif, aka ba shi takarda mai tambari da sunansa da ranar tafiya. Sai a filin jirgi aka gaya masa kujerar riƙe ta kawai aka yi, ba a biya ba, kuma wa'adinta ya wuce. Ya dawo Garwa da akwatinsa a bas.

Maganin wannan yana hannunka, minti biyar ne. Takardar riƙe kujera tana da lamba mai haruffa da alƙaluma shida. Tikitin da aka biya kuwa yana da wata lamba daban mai alƙaluma 13, uku na farko na kamfanin ne: 071 na Ethiopian, 235 na Turkish, 057 na Air France, 176 na Emirates, 077 na EgyptAir. Kafin ka bar ofishin, buɗe shafin kamfanin jirgin a wayarka, sa lambar nan mai shida da sunanka na fasfo, ka ga tikitin da idonka. In babu lamba mai 13, ba ka da tikiti, komai kyan takardar. Ajans na ƙwarai ba ya jin haushin wannan dubawa, wanda muke hulɗa da shi ma da kansa yake juyo mini da fuskar kwamfutarsa.

Sauran rauninsa ƙanana ne. Yana rufewa da dare da ranar hutu, don haka ka karɓi lambar da ake samunsa a kowane lokaci. Lokacin aikin Hajji da Umrar azumi ofisoshin sukan cika, mai tikiti ɗaya sai ya yi haƙuri. Wani kuma yakan tura ka kamfanin da ya fi ba shi riba. Shi ya sa nake duba Google Flights tun a gida, in shiga ofis da sanin farashin ranar.

Ga su a jere

| Ma'auni | Shafin kamfanin jirgi | Shafin dillali | Ajans |
|---|---|---|---|
| Farashi | Na asali, babu lada | Yakan fara da araha, ya ƙaru a gaba | Na asali da ladan ajans |
| Biya | Katin banki | Katin banki | Tsaba, kuɗin waya, wani lokaci bashi |
| Canja rana | Kai tsaye, tara ɗaya | Ta hannun dillali, sau da yawa tara biyu | Kira ɗaya, tara da ɗan lada |
| Sauƙi | Dare da rana, in layi na da kyau | Dare da rana, ya fi wajen kwatantawa | Lokacin aiki, amma da harshenka |
| Babban haɗari | Kuskuren suna, katin da ya ƙi | Tikiti biyu a rigar ɗaya, wuyar maido kuɗi | Ajans na bogi, kujerar da ba a biya ba |
| Biza da takardu | Kaɗan | Kusan babu | Yana taimakawa |
| Takardar akanta | Rasit na intanet | Rasit daga waje | Faktir mai hatimi da sunan kamfaninka |

Wa ya dace da wanne

Ma'aikacin da za shi taro Yawunde ko Duwala ya dawo bayan kwana uku, jirgi ɗaya, rana tsayayya, ba ya buƙatar kowa. Ya yanka a shafin kamfanin ko a ofishinsu na gari. Haka wanda ya saba fita, yana da kati mai aiki, yana karanta Faransanci ko Turanci ba tare da taimako ba, kuma zai tashi daga Njamena kai tsaye da kamfani ɗaya: shafin kamfanin ya ishe shi, ya dai zaɓi ajin da ake canjawa ko da ya ɗan fi tsada.

Ɗan kasuwar da zai tashi daga Garwa ko Marwa zuwa Gwanzu, Dubai ko Istanbul, wanda ranar dawowarsa ke hannun mai masana'anta da mai loda kwantena, ajans ne nasa. Haka mai fita karon farko, da wanda bizarsa ba ta fito ba tukuna, da ayarin mutum uku ko huɗu da kuɗinsu ya haura iyakar kati. Kamfani ko ƙungiyar da ke tura ma'aikata kowane wata, ta zauna da ajans ɗaya mai lasisi su yi yarjejeniya a rubuce: nawa ne lada a kan kowane tikiti, wa ake kira da dare, faktir a ƙarshen wata.

Shafin dillali kuwa na bar shi ga otel da binciken farashi. Ba na yankar tikitin jirgi a can sai in abu uku sun haɗu: ranar ba za ta motsa ba, tikitin guda ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma bambancin kuɗin ya kai a yi kasada dominsa.

Tafiyar kawu ta watan Oktoba mai zuwa haka na tsara ta: na duba farashi a Google Flights, na kama ɗaki a Gwanzu wanda ake fasawa kyauta, babban tikiti da bizar Sin suna hannun ajans ɗinmu, kuma zai sauka Duwala kwana ɗaya kafin jirginsa na Adis Ababa.